RA'AYINMU: KADA TSORO YA RUFE MANA ZAURE

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kankiya da la'asar, ya ga yadda motoci ke kai da kawowa tsakanin Kano da Katsina, ya san cewa yankin nan na matafiya ne. Wani ya fito daga Dutsin-Ma zai shiga motar Kano, wani ya sauko daga Ingawa da majinyaci zai kai Babban Asibitin Kankiya, wani kuma ya biyo hanyar Funtuwa da Malumfashi ya ɓullo Yashe a ƙasar Kusada, yana tambayar inda zai sami motar da za ta ƙarasa da shi. Ga 'yan ci-rani daga Maraɗi da Damagaram, ga ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya, ga 'yan bautar ƙasa waɗanda ko gaisuwar Hausa ba su iya ba tukuna. Babu ranar da Allah zai wayi gari ba tare da wani baƙo ya ratsa ta ƙofar gidan ɗayanmu ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wani canji da muke gani yana shigowa cikin halinmu a hankali. A da, idan baƙo ya yi sallama, kafin a tambaye shi sunansa an riga an miƙa masa ruwa. Yanzu kuwa sai a leƙo ta kafar ƙyaure, a auna shi daga sama har ƙasa, a ce masu gida ba sa nan. Mai neman hanya ya tsai da mutum uku kafin ya sami wanda zai amsa masa. Mota ta lalace da dare, mutane su wuce ta kamar ba su ga masu ɗaga hannu ba. Abin baƙin ciki kuma, mu da muke kiran sunan Yesu Almasihu ba mu tsira daga wannan hali ba.

Ba mu ce tsoron nan ba shi da dalili ba. Mun san abin da ya sami Jihar Katsina a shekarun nan. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Mun ga mata da yara daga ƙauyukan Batsari da Safana da Ɗanmusa sun baro gidajensu da ƙullin kaya a ka. Mun kuma ji yadda masu kai wa ɓarayin daji rahoto suke shiga gari da siffar mutanen kirki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma tambayar da ya kamata kowace ikkilisiya ta yi wa kanta ita ce: idan ɓarayi sun kwashe mana shanu da hatsi, za mu bar su su haɗa da halinmu na kirki su tafi da shi? Mu a ganinmu wannan asarar ta fi ta dukiya, gama ana sake sayen saniya, amma yaron da ya tashi yana ganin ubansa yana rufe wa mai ƙishirwa ƙofa, da wuya a sake koya masa buɗewa.

Karɓar baƙi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu sun gina zaure ne domin a sami wurin da wanda ba ɗan gida ba zai zauna ya huta. A zamanin fatake kowane zango yana da mai masauki wanda zai ba matafiyi wurin kwana, ya tsare masa kayansa, ya kuma tsaya masa a wurin ciniki. Har yau akwai gidajen da ke ajiye randa da moɗa a ƙofar gida domin masu wucewa. Ana yi wa Katsina kirari da ɗakin kara, ita ma gwamnati ta ɗauki karɓar baƙi ta mai da shi taken jihar tun bayan da aka ƙirƙiro ta a 1987. Hausawa suka ce ba baƙo ruwa ka sha labari, suka ce kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Maƙwabtanmu Musulmi sun riƙe wannan al'ada a matsayin ibada, mu ma a cikinta aka haife mu. Saboda haka Kirista Bahaushe da ya rufe wa baƙo ƙofa ya yi laifi biyu: ya saɓa wa tarbiyyar gidansu, ya kuma saɓa wa Ubangijinsa.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan magana ba. A Farawa sura 18, Ibrahim yana zaune a ƙofar alfarwarsa da tsakar rana, ya hangi mutum uku. Bai san su ba, amma da gudu ya tarye su, ya sa aka kawo ruwan wanke ƙafa, Saratu ta yi gurasa, aka yanka maraƙi, shi kuma ya tsaya a kansu suna ci a gindin itace. Sai daga baya ya gane ko su wane ne. Wannan ne marubucin Ibraniyawa yake tunawa a sura 13 aya 2, inda ya gargaɗe mu kada mu yi sakaci da saukar baƙi, domin ta haka waɗansu suka sauki mala'iku ba da saninsu ba. Kalmar da aka yi amfani da ita a wurin a harshen Helenanci ma'anarta ƙaunar baƙo. Wato abin ya wuce a ba mutum tuwo a sallame shi, har da yadda zuciya take kallonsa.

A Littafin Firistoci sura 19, Allah ya umarci Isra'ilawa su ɗauki baƙon da ke zaune a cikinsu kamar haifaffen gida, ya kuma ba su dalili: su ma sun yi baƙunci a Masar. A wannan sura ce ya hana manomi girbe gonarsa har gefe, ko komawa ya tsince abin da ya zuba, domin rabon matalauci ne da baƙo. Duk wanda ya san kala a gonar gyaɗa ko ta dawa ya fahimci wannan doka ba sai an yi masa fassara ba. Albarkacin dokar nan ce Rut, gwauruwa 'yar ƙasar Mowab, ta sami abin da za ta ci a gonar Bo'aza, daga zuriyarta kuma aka haifi Sarki Dawuda, aka haifi Almasihu kansa. Shi ma Ubangijinmu tun yana jariri ya ɗanɗani gudun hijira, gama Yusufu da Maryamu sun tsere da shi Masar saboda Hirudus. Wani ne a can ya ba su wurin kwana. Ba a rubuta sunansa ba, amma Allah ya san shi.

Misalin da ya fi dacewa da mu mazauna bakin titi shi ne na Luka sura 10. Hanyar Urushalima zuwa Yariko hanya ce ta 'yan fashi, kowa ya san haka. Firist da Balawe da suka ratse suka wuce mutumin da aka yi wa rauni, mai yiwuwa ne tsoro ya kama su, kamar yadda yake kama mu. Wataƙila tarko ne, wataƙila ɓarayin suna nan kusa. Basamariyen da ya tsaya shi ma matafiyi ne, ba ɗan ƙasar ba, kuma mutanensa da Yahudawa ba sa ga maciji. Ya ɗaure raunukan, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa, da safe ya ba mai masaukin dinari biyu, wato ladan ƙwadagon kwana biyu, ya yi alkawarin biyan sauran in ya komo. Masanin Attaura ya zo ne yana so a yanka masa iyakar waɗanda ya wajaba ya ƙaunata. Yesu ya juya tambayar, ya sa shi ya faɗa da bakinsa wanda ya zama maƙwabci a cikin ukun. A Matiyu sura 25 kuma ya kai maganar ƙarshe: a ranar shari'a zai lissafa ciyar da mayunwaci, da shayar da mai ƙishirwa, da saukar baƙo a matsayin abin da aka yi masa shi kansa, hana su kuma shi aka hana.

Idan muka duba tarihin ikkilisiya a ƙasar Katsina, za mu ga ta wannan ƙofa bishara ta sami wurin zama. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, kamar yadda ta yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. A lokacin nan kuturu mutum ne da har danginsa suke ware masa ƙwarya. Mutane suka zo daga garuruwa masu nisa, ba wanda ya san su, aka wanke musu miki, aka ba su magani da wurin kwana. Asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943 da asibitin Galmi na Jamhuriyar Nijar da aka buɗe a 1950 duk a kan wannan tushe aka kafa su. Gwamnati ta karɓi Babbar Ruga daga baya, a shekarun 1980 kuma wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara yi wa mata masu yoyon fitsari aiki a wurin, har asibitin ya zama cibiya ta ƙasa. Waɗansu daga cikin iyayenmu da kakanninmu a Matazu da Malumfashi da Kafur sun fara jin sunan Yesu ne daga bakin wanda yake ɗaure musu ciwo. Mu 'ya'yan alherin da aka yi wa baƙi ne. Ba daidai ba ne mu ci gādon mu ƙi biyan bashin.

Mun kuma ga inda ƙin baƙo yake kai al'umma idan aka bar shi ya yi girma. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta 'yan Jihar Kano da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16 ba bincike ba shari'a. A watan Yuni na shekarar 2025, 'yan ɗaurin aure daga Basawa ta Zariya suka ɓace hanya a ƙasar Mangu ta Jihar Filato, aka far musu, aka kashe aƙalla mutum 12. Mutanen da suka aikata waɗannan abubuwa su ma suna da nasu labarin tsoro, su ma an sha kai wa yankunansu hari. Amma jinin da suka zubar na matafiya ne da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Muna faɗa da babbar murya cewa duk mai amsa sunan Kirista da ya sa hannu a irin wannan aiki, ko ya tsaya yana kallo yana jin daɗi, ya ci amanar sunan da yake ɗauke da shi. Mu kuma sani, tsakanin hana baƙo ruwa da ɗaga masa sanda tafiyar ba ta da nisa yadda muke zato, domin dukansu daga tunani ɗaya suke fitowa, cewa wanda ban sani ba mugu ne sai an tabbatar ba haka ba.

A ɗaya gefen kuma akwai abin da ya faru a ƙauyen Nghar Yelwa na Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi ranar 23 ga Yuni, 2018. Da mahara suka afka wa ƙauyukan yankin, limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci. Maharan suka nemi ya fito da su, ya ƙi, ya sa ransa a tsakani. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma saboda wannan aiki. Muna kawo labarinsa ne domin Ubangijinmu ma da ya tashi koya wa Yahudawa ƙaunar maƙwabci, Basamariye ya ɗauko ya yi misali da shi. Idan malamin nan ya iya buɗe ƙofa ga waɗanda ba addininsu ɗaya ba alhali ana harbi, mene ne hujjarmu ta hana moɗar ruwa a ranar da ba abin da ya faru?

Mun san abin da waɗansu za su ce. Wani zai ce, mu kanmu ba mu ƙoshi ba. Gaskiya ne, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na masarufi suka yi tashin gwauron zabo. Sai dai wannan tsadar ita ce take ƙara yawan waɗanda guzuri ke yanke musu a hanya. Gwauruwar Zarefat da ta ciyar da Annabi Iliya ba ta da komai sai ɗan gari da ɗan mai. Yesu kuma a Matiyu sura 10 ya ɗora lada a kan ƙoƙon ruwan sanyi, abin da ko mafi talaucinmu yana da shi. Wani kuma zai ce, mu 'yan ƙalilan ne a Kankiya da Kusada, in muka cika alheri za a ce muna farautar mutane ne mu juya musu addini. Amsar wannan tana hannunmu. Alherin da aka ɗaura wa ƙugiya ciniki ne, mai karɓa kuma yana ganewa. A ba mutum abinci domin yana jin yunwa, a nuna wa Musulmi inda zai sami ruwan alwala da inda gabas take, a sallame shi da fatan alheri. Idan wata rana ya tambayi dalilin halinmu, sai mu faɗa masa cikin ladabi. Idan bai tambaya ba, Allah ya gani.

Game da tsaro kuwa, Ubangiji da ya ce mu zama marasa ɓarna kamar kurciya, shi ne ya ce mu yi wayo kamar maciji. Alheri da lura suna iya tafiya tare. Saboda haka muna ba ikkilisiyoyinmu da gidajenmu waɗannan shawarwari.

Na farko, kowace majami'a da kowane gidan mai bi da ke kusa da hanya ya mai da randa ƙofar gida, musamman a watannin bazara. A sa yara su riƙa cika ta, domin da haka za su koya.

Na biyu, dattawan ikkilisiya su ware wani abu daga baikon kaka, ko da mudu ɗaya ne daga kowane gida, a ajiye shi da sunan baƙo. A naɗa mutum biyu ko uku masu riƙon amana, har da wakiliyar Zumuntar Mata, su kula da shi, su kuma ba da lissafi a gaban jama'a.

Na uku, idan baƙo yana bukatar kwana, kada a bar wa gida ɗaya nauyin. A sanar da Fasto ko dattijo, a sanar da mai unguwa, a tambayi baƙon inda ya fito da inda za shi, a kira wani nasa a waya. Mutumin kirki ba zai ji haushin wannan ba, hasali ma hankalinsa zai fi kwanciya. Mace baƙuwa kuma a hannun mata za a sa ta.

Na huɗu, mu tuna da masu jinya a asibiti. Akwai wadda ta zo daga ƙauye da yaro, kuɗinta ya ƙare a magani, ta kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba. Zumuntar Mata da matasa suna iya tsara kai kunu ko tuwo sau ɗaya a mako, da izinin hukumar asibitin, a raba wa kowa ba tambayar addini.

Na biyar, idan aka yi hatsari a titi, kada mu tsaya ɗaukar hoto da waya. A kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122, a taimaka a kai masu rauni asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa.

Na shida, 'yan kasuwarmu da direbobinmu da 'yan acaɓa su daina ninka wa mutum kuɗi don sun ji harshensa ba na gari ba ne. Mudun da ka auna wa ɗan gari shi za ka auna wa baƙo. Wannan ma wa'azi ne, har ya fi na bagade isa kunne.

Na bakwai, idan ana zargin wani baƙo, a kai maganar ga mai unguwa ko 'yan sanda. Kada mai bi ya shiga taron duka, kada kuma ya tura hoton mutum a WhatsApp da sunan ɓarawo alhali bai tabbatar ba. Idan ka ga an taru a kan wani, muryarka ɗaya tana iya zama abin da zai tsai da hannun mutane har hukuma ta iso.

Muna kira ga Fastoci da masu bishara da malaman makarantar Lahadi su ɗauki wannan magana su kai ta bagade, su kuma fara aikata ta a gidajensu, gama saukar baƙi yana cikin sharuɗɗan da Manzo Bulus ya gindaya wa mai kula da ikkilisiya a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti. Muna kira ga iyaye su lura da irin maganar da suke yi a kan Fulani da Buzaye da 'yan kudu a gaban yara. Muna kuma roƙon hukumomi da sarakunanmu su ƙara himma wajen tsaron hanyoyi da ƙauyuka, domin mutane su sami sukunin komawa ga halin da aka san su da shi.

A ƙarshe, mu tuna cewa kowannenmu baƙo ne a wani wuri. 'Ya'yanmu suna karatu a Jos da Zariya, suna bautar ƙasa a Inugu da Ibadan, suna neman abinci a Legas da Fatakwal. Abin da muke roƙon Allah ya sa a yi musu a can idan dare ya yi musu a hanya, shi ne ya wajaba mu yi wa ɗan wani a nan. Almajiran nan biyu na hanyar Imuwasu sun yi doguwar tafiya da Yesu ba su gane shi ba, sai da suka matsa masa ya sauka wurinsu domin yamma ta yi, ya gutsuttsura gurasa, sa'an nan idanunsu suka buɗe. Da sun bar shi ya wuce, da sun kwana cikin baƙin cikinsu.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a Kankiya da Kusada da Jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya. Ya kiyaye matafiya, ya mai da 'yan gudun hijira gidajensu, ya kuma ba mu zuciyar da za ta gane Ubangijinmu sa'ad da ya yi mana sallama. Amin.